Cibiyar Takwarar Inna

A bayan ɗakin Inna, tsakanin katangar gida da gindin lemun tsami, akwai wani ɗan lungu da bai fi shimfiɗar tabarma guda ba. Tun ina yarinya na san ba a zubar da ruwan wanke-wanke a wurin, ba a ɗaure akuya, ba a barin yaro ya tsuguna. A nan aka binne cibiyar babanmu da ta ƙannensa, da tawa, da ta duk 'ya'yan da Inna ta haifa, waɗanda suka rayu da waɗanda suka koma tun suna cikin zanen goyo. Idan aka haihu, tsofaffi su wanke mabiyiya su binne ta a ranar. Cibiyar kuma a yi ta gasa ta da tsingaro mai ɗumi safe da yamma har ta bushe ta faɗi, sai a naɗe ta a farin ƙyalle a kai ta kusa da 'yan'uwanta. Inna takan ce ɗan da cibiyarsa ke lungun nan, ko bangon duniya ya je sai ya dawo ya sha inuwar lemun.

Kakanmu ne ya gina gidan. Daga Kano ya taso da jakuna, ɗauke da turkudi da baƙin zane, zai wuce kudu sayen goro. Ya sauka a Zangon Wagadugu don dabbobi su huta, ya ce wa mai masaukinsa rani guda zai yi ya koma. Wannan ranin bai ƙare ba har ya mutu. Ya auri wata 'yar Mosi, wadda muka tashi muna kira Yaba, ya yi ɗakin baƙi a gefen zaure, shi ma ya zama mai saukar da fatake. Mu jikokinsa ba wanda ya taɓa kwana a Kano, amma in an tambaye mu a babbar kasuwa sai mu ce mu Kanawa ne, ba tare da ko ƙifta ido ba.

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kiran sunana. "Ke" nake, ko "waccan". Shi kuwa Auta, wanda ya zo bayan ta binne yara uku a jere, sunansa a bakinta yake kamar goro. Ni na goya shi, ni na kai shi lakwal, wato makaranta, ranar farko yana ihu, kuma bayan rasuwar mijina da na dawo gida, ni nake wanke masa kaya yana ƙato da gemu. Ya yi aiki a wata masana'anta a Kosodo, aka sallame su, ya zauna wata da watanni yana wanke babur ɗin da ba nasa ba. Wata rana ya ce zai fita neman abin kansa, shekara biyu ya dawo. Ɗakin baƙin nan na zaure shi ne ɗakinsa. Ranar da ya tafi Inna ta kulle shi, ta ɗaure makullin a bakin zanenta. 'Yan kasuwar Kano da ke kawo mana atamfa da shadda sun sha roƙon a ba su ɗakin, ta ce mai shi yana hanya.

Ba zan ba da labarin hamada da teku ba, don shi kansa bai taɓa ba mu shi cikakke ba. Abin da muka sani, bayan dogon shiru sai ga muryarsa a waya, yana cewa yana wani tsibiri na Italiya mai suna Sardiniya. Inna ta yi sujada a tsakar gida, goshinta duk ƙasa. Ya yi kiwon tumaki, ya yi tsinkar tumatir, daga baya ya samu takardu da aiki wajen wasu masu tonon kayan tarihi a wani kango da ke bakin teku. Shi ke tura baro, shi ke cire ciyawa, da yamma kuma su zauna da burushi da roba suna wanke tsingaro. Da ya faɗa mini na yi dariya har na ƙware. Na ce, "Auta, ka keta hamada ka keta teku don ka je ka wanke fasasshen tulu? Ai da ka yi magana, bayan gidanmu cike yake da su."

Daga nan saƙonnin murya suka fara yawa. Ina zaune a rumfata ina auna wa mata yadi, wayar na ƙara a cikin jaka. In na buɗe, ba gaisuwa mai tsawo, ba tambayar kasuwa, sai labarin matattu. Wata dattijuwa ce shugabar aikinsu, ita ke yi musu bayani lokacin cin abinci, shi kuma ya kwaso da zafinsa ya juye mini.

Wai mutanen da suka gina garin ana kiransu Finikiyawa. Daga gabas suka zo cikin jiragen ruwa, daga inda ƙasar Labanan take yanzu, ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa. Ba yaƙi ya kawo su ba, fatauci ne. Suna kawo zane da turare da mai da duwatsun wuya, su sayi azurfa da dalma da tagulla wajen 'yan ƙasa, waɗanda ke zaune a ciki kusa da wasu hasumiyoyin dutse da har yau suna tsaye. Ba sa shiga ciki sosai. Sukan nemi wani ɗan tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku, mai gaɓa biyu, in iska ta hana sauka ta nan a sauka ta can. In sanyi ya shigo teku ya ƙi hawuwa, sai su ja jiragen tudu su jira iska ta juya.

"Yaya, kin gane?" in ji shi. "Zango suka yi! Wallahi zango ne. Kuma marina ne, suna da wani rini ja mai duhu da suke fitarwa daga katantanwar teku, sarakuna kaɗai ke iya saye. Turkudinsu ke nan. Hausawan teku ne, Yaya."

Na ce masa ya bar haɗa mu da masu bautar gumaka. Amma gaskiya ina saurara. Har nakan maimaita wani saƙon in kasuwa ta yi sanyi. Ya ce sun auri 'yan ƙasa, har masu tono kan samu tukunyar 'yan ƙasa a cikin gidan baƙo, alamar matar gidan da tukunyar gidansu ta zo. Nan na tuna Yaba da ƙaramar tukunyarta ta miyar kuka, wadda ba ta yarda kowa ya taɓa. Ban gaya masa ba, don kada ya samu abin riƙewa.

Shekara biyu ta wuce, ta uku ta bi bayanta, aka daina ƙirgawa. Sai ya ce zai yi aure, 'yar can, wadda ke sayar da tikiti a ƙofar kangon. Ranar Inna ba ta ci tuwo ba. Limamin unguwa ya zo ya zauna da ita a zaure, ya ce addini bai hana ba tunda ma'abuciyar Littafi ce, ya kuma tuna mata cewa uwar mijinta ma ba ta jin Hausa ranar da aka kawo ta. Inna ta ce, "Amma ita kawo ta aka yi." Duk da haka ta sa albarka. Ta ce namiji ya auri wadda ya so a inda ya so, 'ya'ya dai na gidan uba ne.

Lokacin da matar ke da tsohon ciki ne ya aiko mini saƙon da ya tayar mini da hankali. Ya ce a gefen garin, kan wani tudu, akwai wani fili da aka samu ƙananan tukwane jere cikin ƙasa, kowace an rufe bakinta da faranti. A ciki toka ce da ƙasusuwan jarirai, wata har da na ɗan rago. A kan wasu an kafa dutse da rubutu. Masana ba su daidaita ba: wasu na cewa yanka su aka yi wa gumaka, wasu na cewa makabarta ce ta jariran da suka mutu da kansu, iyaye suka ware musu wuri. Ya ce tun da ya ga tukwanen a gidan ajiye kayan tarihi ba ya iya barci sosai. Na kira shi nan take, a tsakiyar kasuwa, na yi masa tas. Na ce matarka na ɗauke da ciki kana yawo cikin tukwanen matattun jarirai, kai wane irin mutum ne? Ya ce, "Ni lungun bayan ɗakin Inna na tuna. Mutum ba ya ajiye irin wannan a wurin da yake shirin bari." Na kashe wayar ba sallama.

Allah ya sauke ta lafiya, mace. Ya sa mata sunan Inna. Aka yanka rago a can, mu ma muka yanka a nan, aka dama zomkom, abin shan gero na Mosi, cike da randa, maƙwabta daga unguwar Tiyendpalogo har Dapoya suka zo barka. Inna ta yi ta rawa a zaune, tana cewa an yi mata takwara. Da mutane suka watse ta sa na kira mata shi. Tambayarta ta farko bayan gaisuwa ita ce ina aka binne mabiyiya.

Ya yi ɗan tari. Ya ce a lopital, wato asibiti, aka haihu, kuma a can ba sa ba mutum, su ke tafiya da ita.

"Su kai ta ina?"

"Ban sani ba, Inna."

Na ga fuskarta ta canza. Ta daɗe tana murza bakin zanenta inda makullin yake. Sannan ta ce to, abin da ya wuce ya wuce, amma cibiya tana nan. In ta faɗi ya naɗe ta a farin ƙyalle ya aiko, a binne ta a gida kusa da ta ubanta da ta kakanta. Ya ce to. Ni da na goya shi na san irin wannan "to" ɗin. Shi ne wanda yake yi in an aike shi niƙa yana son zuwa ƙwallo.

Inna ba ta jira ba. Washegari ta ɗauki fartanya ta shiga lungun, ta ƙi a taya ta. Ta tona rami ɗan ƙarami kusa da inda ta ce na Auta yake, ta kifa tsohon kasko a kai don kada kaji su cike shi. Ta yanko farin ƙyalle daga sabon yadi ta ajiye ƙarƙashin matashinta, ko da nasa bai isa ba. Kowace safiya in ta fito alwala sai ta leƙa ta ga kaskon na nan. Ba cibiyar jaririya kaɗai take jira ba, kuma duk gidan mun sani. A wurinta, in cibiyar ta zo, to Auta na nan a ɗan gida, zai dawo da iyalinsa ya buɗe ɗakinsa. In ba ta zo ba, ta haifa wa wasu.

Akwai wani mutumin Dapoya da ke aiki a wani gari kusa da su, yana zuwa hutu duk shekara. An ce zai zo bayan ƙaramar salla. Na fara matsa wa Auta. In na ce cibiya ta faɗi? Ya ce ta faɗi. Ka naɗe? Ya ce tana nan a ajiye. Ka kai wa mutumin? Sai ya ɗauko mini labarin Kartaj.

Wai Kartaj wani gari ne da Finikiyawan nan suka kafa a gaɓar Afirka, inda Tunisiya take yanzu. Uwa ɗaya ce ta haife shi da garuruwan tsibirin, sai dai shi ya fi su girma da ƙarfi. Da ya ƙasaita sai ya aiko da sojoji ya kama tsibirin, ya gina ganuwa, ya kawo mutanensa, ya ce a noma masa alkama. Har ana cewa ya sa an sare itatuwan marmari don gonakin hatsi su yalwata, ko da yake shugabarsu ta ce ba lallai haka ta faru ba. "Kin ga," in ji shi, "babbar yaya ce ta zo ta ce komai sai yadda ta tsara. Yaya, ke ce Kartaj."

Wasa yake, amma ni ban ji wasa ba. Na ce masa, "Ni ce Kartaj? Ni da nake kwana a ƙofar ɗakin uwarka ina jin tarinta? Ni da nake kai ta lopital a bayan babur in ƙafarta ta kumbura? Kai kana can kana wanke tulun kafiran farko, ƙyalle guda ya gagare ka." Na faɗi abin da ya fi haka, wanda ba zan rubuta ba. Ina jin haushi, kuma ba haushinsa kaɗai ba. Ni na zauna, cibiyata da ni duk muna gidan, amma ba wanda ya taɓa tona rami yana jirana.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, a hankali, "Yaya, ina gidan su abokina, wanda muke ƙwallo a ƙofarsu?"

Ya san amsar. Rabin unguwarmu an rushe shi tun muna da sauran ƙuruciya, aka watsa mutane bayan gari, aka yi benaye da shaguna masu gilashi. Gidanmu ya tsira ne don katafila ta tsaya layi biyu kafin mu.

"Tasa cibiyar tana ƙarƙashin wurin ajiye motoci," in ji shi. "Shi kuma yana Abijan. Ta dawo da shi?"

Na ce wannan ba hujja ba ce. Ya ce ya sani. Ya ce matarsa ba ta hana ba, kada in ɗora mata laifi, ita har mamaki take yadda abu kamar busasshen ƙullin igiya ya hana shi cin abinci. Ya ce shi ne ya kasa. Duk ranar da ya ɗauko ƙyallen zai kai, sai ya dubi yarinyar. A can za ta yi tafiya, a can za ta shiga makaranta, da harshensu za ta yi mafarki. In ya aiko da cibiyarta nan, ya yi wa Inna alkawarin da ya san ba zai cika ba, ya kuma raba yarinyar da ƙasar da take takawa. Na ce to ka faɗa wa Inna da bakinka, ni ba zan ɗauki wannan kayan ba. Ya ce zai faɗa, amma bai faɗa ba.

Mutumin Dapoya ya iso da hantsi wata Lahadi, da ƙatuwar jaka a gaban babur. Inna ta sa aka shimfiɗa masa darduma, aka kawo ruwa, ta yi ta tambayarsa hanya da mutanen can, idonta na kan jakar. Da ya tafi ta ce in buɗe. Akwai man zaitun cikin gwangwani, da cuku mai tauri da warinsa ya kori jikokina, da gyale mai laushi, da maganin ciwon ƙafa, da hoton jaririya cikin firam. Na fito da su ɗaya bayan ɗaya. Inna ta jawo jakar ta zura hannu har kafaɗa, ta laluba kowane aljihu, ta kifa ta ta kakkaɓe. Ta warware gyalen ta girgiza. Har bayan firam ɗin ta buɗe. Ni dai ina tsaye, ina jin kamar ni na sace.

"Ke," ta ce, "kira min shi."

Kiran bidiyo na yi, don na ga ya kamata ya ga fuskarta. Ya ɗauka yana waje, iska na kaɗa rigarsa, jaririyar na kafaɗarsa. Ya durƙusa daga can ya gaishe ta. Ba ta amsa da tsawo ba.

"Auta, ban ga saƙona ba."

"Inna, ki gafarce ni. Na binne ta."

"A ina?"

Ya juya wayar. Wata gona ce mai duwatsu, da tsofaffin itatuwan zaitun, can ƙasa kuma ga teku. Ya ce gonar surukinsa ce. Ya nuna gindin wata bishiya inda aka jera ƙananan duwatsu. Ya ce ya yi alwala, ya yi bisimilla, ya karanta abin da ya ji tana karantawa, ya kuma gaya wa mutanen gidan kada a zubar da ruwan wanki a wurin.

Na zaci Inna za ta yi kuka ko ta yi masa baki, har na matso kusa don in karɓe wayar. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta daɗe tana kallon bishiyar. Sannan ta yi tambayar da ban taɓa zato ba, don ban san tana jin saƙonnin da nake kunnawa a tsakar gida ba.

"Mutanen nan naka, masu tulu. Sun koma garinsu?"

Ya ce wasu sun koma, masu jirage na zuwa suna tafiya. Amma waɗanda suka yi gida, a'a. Ya ce daga baya Rumawa suka ƙwace tsibirin, suka kuma ƙone Kartaj ƙurmus. Duk da haka mutanen tsibirin suka ci gaba da magana da harshen kakanninsu, suna rubuta shi a kan dutse, suna kiran shugabanninsu da tsohuwar sarauta, har tsawon ɗaruruwan shekaru bayan garin da ya mulke su ya zama toka.

"Daga nan fa?"

"Daga nan ya ƙare, Inna. Jikoki suka koma harshen Rumawa."

"Yanzu akwai mai jin sa a can?"

"Sai masu karatu. Su ma karantawa suke, ba magana ba."

Ta gyaɗa kai. Ta ce ya matso da yarinyar. Ta dube ta sosai, ta ce goshin babanmu ne. Ta yi mata wasa irin na kaka, ta kira ta kishiya mai ƙwace miji, ta ce Allah ya raya, Allah ya sa ta ji ƙan iyayenta. Yarinyar ta yi hamma. Inna ta ce, "Ka riƙa yi mata Hausa ko da ba ta amsawa." Ya ce to, yana share ido da bayan hannu, kuma wannan karon ban iya gane wane irin "to" ba ne. Ta miƙo mini wayar ta shiga ɗaki.

Kwana biyu ba ta yi maganar ba. Tana cin abinci kaɗan, tana salla, tana jan carbi. Na fi son ta yi faɗa. Ni kuwa na ƙi ɗaukar kiransa, saƙonninsa suka taru ban buɗe ba. A rumfa wata mata ta taya atamfa da rainin hankali na kusa cinye ta ɗanya, har maƙwabciyata ta ce in je gida in huta. Abin da ke cina shi ne na rasa wanda zan ba gaskiya. In na tuna Inna da fartanya sai in ji kamar in shaƙe shi. In na tuna gidan su abokinsa sai bakina ya mutu.

A rana ta uku da safe na same ta a lungun. Ta ɗage kaskon, tana tura ƙasa cikin ramin da gefen ƙafarta mai kumburi, tana dafe da lemun. Na ce ta bari in yi. Ta ce a'a. Da ta gama ta tattake wurin, ta tsaya tana haki.

"Kakanku," ta ce, ba ta dube ni ba, "cibiyarsa tana Kano. Tun da aka kawo ni gidan nan nake jin ana yabonsa, ya zo da jaki ya yi gida, ya yi zuri'a. Ban taɓa tambaya ko yana da uwa ba."



"Wata ta zauna a can ta yi ta kallon ƙofa," ta ce. "Mu muka ci moriyar kukanta."

Ta koma ɗaki a hankali. Farin ƙyallen nan daga baya na gan shi a madafa, ana tace koko da shi.

Bayan kamar mako guda wani Bakano da ke kawo mini shadda ya biyo ni gida da la'asar, don mu lissafa kayan da suka iso. Magidanci ne mai natsuwa, yana da mata da 'ya'ya a can, ya daɗe yana kwana a shagon wani a kasuwa. Ya tsaya a zaure ya gaida Inna, kuma kamar yadda ya saba, ya sake tambaya cikin ladabi ko ɗakin nan na nan a kulle. Na buɗe baki zan ba shi amsar kullum, sai na ga Inna na kwance bakin zanenta. Ƙullin ya daɗe har ya ƙi kwantuwa, sai da ta sa haƙori. Ta miƙo mini makullin.

"Ke, share masa."

Na buɗe. Warin rufaffen ɗaki ya bugo ni. Katifarsa na nan a jingine, da hoton 'yan ƙwallo a bango, da takalmansa na zuwa Kosodo a ƙarƙashin gado, ƙura ta rufe su. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina kuka ba sauti, ina jin abin da suke faɗa a zaure.

Mutumin ya yi ta godiya. Ya ce ba zai takura mana ba, ba zai taɓa kayan mai ɗakin ba, ko ƙusa ba zai buga a bango ba. Inna ta tambaye shi ko mahaifiyarsa na da rai. Ya ce tana nan, a cikin birni. Ta ce ya riƙa kiranta kullum, ko ba shi da abin faɗa.

"In sha Allahu, Hajiya," in ji shi. "Ai ni ba daɗewa zan yi ba. Rani guda ne, in kayan nan sun ƙare in koma gida."

Inna ta ce, "Haka kakansu ya ce." Sannan ta ɗaga murya ta ce in fito da takalman in bai wa duk wanda suka yi wa daidai.